Batun yayen ɗanki

'Yata, saƙonki ya iso. Wai surukarki ta ce tunda ciki ya shiga, a cire yaron daga nono a kai mata shi ƙauye don kada ya sha ciki, ke kuma kina tambaya ko al'ada ta wajabta haka. Na ɗan yi murmushi, don ku yaran yanzu sai kun gama tambayar waya sannan ku tuna da goggonninku. Amma da na ga watansa goma sha ɗaya, ga zawo ya ƙi tsayawa ana cewa haƙori ne, sai gabana ya faɗi.

Lokacin farin 1973 ina amarya, an yi wa ɗan maƙwabciyarmu irin wannan yayen. Aka shafa wa nono maɗaci, aka kai shi gidan kaka. Hatsi ya yi tsada, abincinsa koko ne tsararo, babu ƙuli-ƙuli, babu nonon shanu, ƙwai kuwa an ce yana sa yaro sata. Da aka dawo da shi kumatu da ƙafafu sun cika, mata na ta barka wai ya yi ƙiba. Innarmu ta danna yatsa a bayan ƙafarsa, wurin ya lotsa bai taso ba, ta girgiza kai. Gashinsa ya yi ja, ya yi laushi. Ana haka baƙon dauro ya shigo unguwa. Sauran yara jiki ya yi zafi rau, suna ta kuka. Shi kuwa jikinsa sanyi ƙalau, bakinsa duk gyambo, ko kukan ba ya iyawa. Uwarsa har tana hamdala wai ciwon ya zo masa da sauƙi. Bai kai Juma'a ba. Allah Ya sa mai ceto ne.

Innarmu takan ce yunwa ke buɗe ƙofa, cuta ta shigo ba sallama. Takan kuma ce zazzaɓi ma sai mai ƙarfi. Yau ma'aikatan asibiti sun tabbatar da maganarta: tamowa tana karya garkuwar jiki, yaro na ɗauke da ciwon huhu ko cuta a jini amma jikin ba zai yi zafi ba. Shi ya sa idan suka auna damtsensa ya gaza santimita 11.5, ko suka ga kumburin ƙafafu, sukan ba shi amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko babu zazzaɓi, tare da wannan abincin gyaɗar na leda. In ya ƙi ci, sai a kwantar da shi.

A zamaninmu babu wannan gatan. Ku kuwa kuna da shi, amma sai ku bar katin rigakafi a ƙasan akwati, ku sayo maganin zawo a kyamis. An yi masa allurar ƙyanda ta wata tara kuwa?

Surukarki uwa ce, kada ki ɗaga mata murya, ni zan kira ta mu yi maganar yayen. Ke dai ci gaba da ba shi nono, gobe da sassafe ki goya shi zuwa asibiti a auna shi.