Amsa: Yaya garin hamada ya zama cibiyar caca?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi Las Vegas, gari a tsakiyar hamadar Nevada a Amurka, ya zama matattarar 'yan caca ta duniya.

A 1905 wurin zango ne na jirgin ƙasa, ruwan da ke ɓuɓɓugowa a kwarin ne ya ja layin dogo. Abin ya sauya a 1931: jihar Nevada ta halatta caca, a shekarar kuma aka fara gina madatsar Hoover, dubban leburori suka cika yankin, albashi a aljihu, ga kaɗaici. Madatsar ta kawo lantarki, wanda in ba shi wa zai zauna a wannan zafin?

Otal ɗin caca na El Rancho Vegas ya buɗe a 1941, na Flamingo a ƙarshen 1946. A nan mutane ke yin kuskure, su ce Bugsy Siegel, ɗan ƙungiyar masu laifi ta mafiya da ya buɗe Flamingo, shi ne ya kafa garin. Ya tarar da kasuwa tana ci, kuma an harbe shi a 1947. Gaskiya ce kuɗin 'yan mafiya sun gina otal-otal da dama, har attajiri Howard Hughes ya sayi otal ɗin Desert Inn a 1967, manyan kamfanoni suka biyo baya. Otal ɗin Mirage na 1989 ya buɗe zamanin katafaren otal.

Wani abin lura: yawancin titin Strip, inda manyan otal-otal ɗin caca suke jere, ba ya cikin iyakar birnin, yana ƙarƙashin ikon gundumar Clark.

In bincike kake yi na makaranta, nemi cibiyar nazarin caca ta Jami'ar Nevada da ke Las Vegas. In kuwa caca ce ta kama wani naka, sai likitan halayyar ɗan Adam.