Tirela Na Ƙin Bina Idan Zan Yi Ribas

Tambaya: Baba, wata biyu ke nan da na fara jan tirela daga Tema zuwa Kumasi. A kan hanya lafiya lau, amma da na zo yin ribas a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, sai bodin ya bi nasa wuri. Ina mafita? Daga ɗanka a Aboabo.

Amsa: Ɗana, ni ma na sha wannan kunyar. Shekarata ta farko na rushe wa wata mai koko rumfa, na biya kuɗin katako, ga dariyar makanikai.

Tirela ba taksi ba ce. Kana son gindinta ya yi hagu, murza sitiyari dama, kaɗan kawai. Da ta fara karkata, warware hannu ka bi ta. Kwantena mai ƙafa 40 tana jinkirin amsawa, shi ya sa sabon direba ke ƙara murzawa har kan motar da bodi su naɗe kamar wuƙar aska. Ka ga haka, kada ka yi gardama da ita: ja gaba, miƙe, sake farawa. Ko sau biyar ne, bar masu hon su yi ta yi.

A Gana direba na zama hagu, don haka shirya motar ka shiga ta hagu, inda kake ganin tayoyin baya ta taga. Ɓangaren dama makanta ne. Sauko ka zagaya ka duba da idonka tukuna, har wayoyin lantarki na sama. Kada ka taka totur.

Yaron motarka kuwa ya tsaya inda kake hango shi a madubi. Ya ɓace maka, taka birki nan take.