Gabana na faɗuwa ba gaira ba dalili: shin numfashi da sakin jiki na magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 34. Kusan wata biyar ke nan gabana na yawan faɗuwa haka kawai, ƙirjina ya ɗaure, wuyana ya sage, wani lokaci yatsuna su riƙa yi kamar ana tsira mini allura. An auna jinina da zuciyata, an ce lafiya ƙalau. A gida wasu na cewa iska ce. Ƙawata kuma ta ce akwai hanyar magance damuwa ta jiki, da numfashi da sakin tsoka. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba.

Abin da kike ji a jiki yake faruwa, ba raya miki shi ake yi ba. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko na gaske ko na zato, sai ta aika saƙo ga wasu 'yan ƙwayoyi biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, tsokoki su ɗaure, numfashi ya koma sama-sama. Shiri ne na gudun ceton rai. Da kare ne ya biyo ki, da kin gode wa wannan shiri. Matsalar ita ce yana tashi kina zaune kina duba littattafan ɗalibai.

Tsirar yatsun nan ma tana da bayani. Mai numfashi da sauri yana fitar da iskar kabon fiye da kima, kuma raguwarta a jini ce ke kawo jiri da tsikarar yatsu da gefen baki. Sai mutum ya tsorata, ya ƙara haki, abin ya ƙara tsananta. Irin wannan tashin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya fara lafawa.

To, ba za ki iya ce wa zuciyarki ta rage gudu ta ji maganarki ba, amma numfashi yana hannunki. Akwai wata doguwar jijiya da ake kira bagus, ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji har ciki, ita ce birkin zuciya. Duk lokacin da kika saki numfashi a hankali, wannan birki yana kamawa. Shi ya sa fitar da iskar ta fi shaƙarta muhimmanci. Ki zauna, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, ki tabbata hannun da ke ciki ne ke ɗagawa. Ki fitar ta baki kina ƙirga shida, kamar kina hura koko mai zafi. Babba yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti guda; wannan zai sauko da ke wajen shida. Minti biyar, safe da yamma. Kada ki cika huhu fam da ƙarfi, jirin zai dawo.

Na biyu shi ne sakin tsoka gaɓa-gaɓa, wanda wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ya wallafa bayaninsa a 1929. Kina kwance, ki dunƙule hannu tam na daƙiƙa biyar, ki sake shi kwatsam, ki saurari bambancin na daƙiƙa goma sha biyar. Daga nan damtse, kafaɗu ki ɗaga su har kunne, fuska, ciki, cinya, tafin ƙafa. Yawancin masu damuwa ba su san suna yini da haƙora a cije da kafaɗa a ɗage ba sai sun yi wannan. Inda ke da ciwo ko rauni, ki tsallake shi.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su ajiye dabarun sai gaba ya faɗi sannan su lalubo su, su ce ba sa aiki. A lokacin da hankali ke kwance ake koya wa jiki, kullum, na tsawon makonni, har ya saba. Bayan sallar asuba da kafin barci lokuta ne masu kyau, don ba a cika mantawa ba.

Ki haɗa da tafiya da sauri-sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwana biyar. Tausa tana sassauta wuya, sai dai daɗinta ba ya daɗewa. Ki kuma duba yawan shayi da kofi da goro da lemon ƙara kuzari da kike sha, duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci, shi kuwa yana tsokano bugun zuciya.

Ba ki faɗi irin gwajin jinin da aka yi miki ba. Ki tambaya ko an duba ƙarancin jini da sukari da tayroyid, ƙwayar nan da ke gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Idan tana aiki fiye da ƙima, alamominta kamar an tsaga kara da na fargaba, kuma numfashi ba zai warkar da ita ba.

Batun iska kuwa, addu'a da azkar ba sa hana zuwa asibiti, ki riƙe duka biyun. Idan kin yi wata guda kina waɗannan ba sauyi, ko abin ya hana ki barci ko shiga aji, ko sauraron jikin yana tono miki wani mummunan abu da ya taɓa faruwa da ke, ki tsaya ki nemi likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Can za a haɗa miki da zaman gyaran tunani, wani lokaci da magani. Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko suma, ko tunanin cutar da kai, waɗannan kam a ranar ake kai su asibiti.