Liyari mai mikiya mai kai biyu: shin 1780 ɗin nan gaskiya ce?

Tambaya: Malam, ina tara tsofaffin sulalla masu hoton mikiya. Wani dillali a Tsohuwar Kasuwa ya nuna mini liyari uku masu mikiya mai kai biyu, an rubuta 1780. Ya ce sun haura shekara 200, Turawa na saye da miliyoyi. Har na sa babur ɗina a kasuwa, amma hankalina bai kwanta ba. In saya? Kuma wace mikiya ta fi burge ka? (Daga Mabera, Sakkwato)

Amsa: Ɗan'uwa, janye babur ɗinka daga kasuwa yau ɗin nan.

Abin da aka nuna maka dalar Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk wadda aka sake bugawa 1780 ake rubuta mata, domin 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu fataken ba sa karɓar wadda ta sauya kama. An buga ta a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Landan da Paris da Rum da Bombai, jimilla sama da miliyan 300, kuma har gobe Ostiriya na bugawa. Wadda ta fito bara ma 1780 ce a jikinta. To ina miliyoyi a abin da kakanninmu mata ke hudawa su rataya a wuya?

Wannan magana ta ishe ni. Kusan kullum sai an turo mini hotonta, wani ya sayar da rago, wani ya ci bashi, wani an karɓe masa “kuɗin gwaji” wai za a kai Legas a auna. Dillalin ya san lambar ba shekarar bugu ba ce. Ya kuma san kai ba ka sani ba, shi ya sa yake rantse-rantse yana cewa wani Alhaji na zuwa da yamma. Masu wannan sana'a su ji tsoron Allah, dukiyar da aka ci da yaudara ba ta da albarka. Akwai bugun farko masu tsada, gaskiya ne, amma ƙwararru ke tantance su da ƙananan alamomi, kuma ba a tsintar uku a aljihun mutum ɗaya.

Darajarta ta azurfa ce. Nauyinta giram 28, azurfar ciki kusan giram 23 da rabi. Kai ta wurin maƙerin fari ya ɗora a sikeli, ka kara mata maganaɗisu. In ta manne, jabu ce. Duba gefenta kuma, ta ainihi tana da rubutu a zagaye. In ta tsallake, ka biya kuɗin azurfar da ɗan ƙari kaɗan. Kada ka goge ta da toka ko lemun tsami.

Mikiyar da ta fi burge ni ita ce ta dala 20 ta zinariya da Amurka ta buga daga 1907 zuwa 1933, zanen wani masassaƙi ɗan Amurka mai suna Saint-Gaudens: tana tafe a sama, fikafikai a buɗe, rana na fitowa ƙarƙashinta. Amma wannan ta fi ƙarfin aljihunmu. Ga mai farawa, nemi dalar azurfa ta Amurka da aka soma a 1986, giram 31.1, wadda aka sauya mata mikiya a 2021 zuwa mai sauka riƙe da reshe. Ita ma jabunta ya yi yawa, sai an auna kafin ka miƙa kuɗi.