Tukunyar ta Umma ce, kwanon naki ne

Wasiƙun wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duk a kan ƙiba suke, kuma masu su duk suna zaune gaban iyaye. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Anti, shekarata 23, na gama karatu ina zaune a gidanmu a Zariya. Tsawona mita 1.60, nauyina kilo 82. Ina son in rage, amma Umma ce ke girki, kuma da na rage tuwo sai ta ce na raina abincinta ko wani abu na damuna. Ba ni da kuɗin sayen nawa daban. Har kuka nake yi in na gwada ɗinkunana na bara.

Amsa: Share hawayenki, 'yata. Damuwarki tana da tushe: a lissafin da ake yi a asibiti, ana raba nauyi da tsawo sau tsawo, naki ya ba da 32, kuma daga 30 ne ake cewa ƙibar tana son kulawa. Amma ba gobara ce ta tashi ba. Ki sa ido kan kilo 4 zuwa 8 tukuna, rabin kilo a mako. Ko wannan kaɗai yana sauƙaƙa wa jini da suga da gwiwoyi.

Umma kuwa ki yi mata uzuri. Iyayenmu sun tashi a zamanin da jiki alamar hutu ne, kuma yarinyar da ta rame a gidan ubanta ta jawo wa uwarta tsegumin maƙwabta. In kin ture kwano, abin da take ji shi ne kin ce ta kasa riƙe ki. Saboda haka kada ki je mata da zancen kyau ko ɗinki. Ki ce mata kina haki, gwiwa na ciwo, kina tsoron hawan jini. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti a auna jininki da suganki. Abin da za ta ƙi ji daga bakinki, daga bakin mai farar riga za ta karɓa, har ta dawo gida ita ce mai tsare ki.

Sannan ki shiga kicin. Ki ce ta huta, kin karɓi girkin kwana biyu a mako. Babu uwar da za ta ƙi wannan. Wanda ke riƙe da ludayi shi ke da iko da mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120, mu kuwa da ludayi muke kwarara shi har ya yi iyo a saman miya. In kin rage shi sannu a hankali babu wanda zai lura. Kada ki ware tukunyarki daban, nan ne rigima take. Ki ci abin da kowa ke ci, sai dai malmala ɗaya maimakon biyu, miyar ganye ta fi tuwon yawa, kuma ki zuba da hannunki. Kuka, kuɓewa, alayyahu, rama, zogale, wake, duk suna cikin gidanku ko bakin ƙofarku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya Islamiyya a ƙasa da sauri, maimakon hawa adaidaita, ta shiga lissafi. Abu ɗaya: idan al'adarki tana tsallake watanni, ko gashi na fito miki a haɓa, ki faɗa wa likita, don wani lokacin ƙibar tana da alaƙa da wannan.

Tambaya: Anti, akwai wata mai sayar da shayin rage tumbi a Instagram, kwali ɗaya naira 18,000, ta ce kilo goma a sati biyu. Na tara kuɗin daga abin da Baba ke ba ni. Ƙawata ta sha ta ce yana aiki. In saya kwali ɗaya ko biyu?

Amsa: Ko rabi kada ki saya. Kuma ki gyara zama, don wannan maganar ta daɗe tana ci mini rai.

Kin san filasko? Ganyen nan da kakanninmu ke jiƙa wa wanda cikinsa ya ɗaure. Ki juya bayan kwalin yawancin shayin nan, in ma sun yarda sun rubuta abin da ke ciki, za ki ga kalmar Senna. To shi ne filasko. An sa masa kwali mai sheƙi da hoton wata mai siririn ƙugu, an ce ki kawo 18,000. Aikinsa shi ne ya sa ki zarya banɗaki. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba da ta ce sikeli ya sauka, sai dai abin da ya fita ruwa ne da bayan gida, kitsen yana nan inda yake. Ta sha ruwa kwana biyu, kilon ya dawo. Wadda ta daɗe tana sha kuwa, gishirin jikinta ne ke zubewa, har da potasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, ga kuma hanji ya saba sai an tura shi.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai wani magani mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin, hukumomin magunguna na ƙasashe daban-daban suna ta gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin rage ƙiba waɗanda aka rubuta wa "ganye zalla". Wasu kuma maganin sa fitsari ake zubawa, irin wanda likita ke ba mai kumburi da awo. Ita mai tallan ba ta san abin da ke ciki ba, sari ta yi. In kin faɗi, za ta toshe lambarki ta canza sunan shafi.

Abin dariyar, mai sayar da na ramewa sau da yawa ita ce ke sayar da sha-ka-fashe ga masu son ƙiba. Hannun dama ta hura wannan, hannun hagu ta tsotse waccan, duka biyun kuɗi sun shigo. Yanzu kuma an shigo da yayin allurar Ozempic. Maganin gaske ne na masu ciwon suga, likita ke rubuta shi, a firji ake ajiye shi, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabunsa da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. In har can an shigar da na jabu, ina ga wanda ɗan acaɓa zai kawo miki a leda da tsakar rana?

Wata za ta ce ai akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jiki. Rashin lambar ya isa ki gudu, amma ganinta bai isa ki natsu ba, don masu jabu ma suna buga lamba. Kuma da yawa daga kayan ganye da hukumar ta yi wa rajista, in kin karanta ƙananan rubutun, za ki ga an ce ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansu ba. Baba bai ba ki kuɗin nan don ki sayi gudawa ba. Ki sayi takalmin tafiya mai laushi, ragowar ki riƙa sayo kabeji da kokwamba da lemon zaƙi ana ci a gida.

Tambaya: Bel ɗin ɗaure ciki da ake cewa yana narkar da kitse in an kwana da shi, wanne ya fi, mai ƙugiya ko mai zif?

Amsa: Wanda ya fi shi ne wanda kika bari a shago. Kitse ba man shanu ba ne da zai narke don an ɗumama shi. Zai sa ki gumi, ya matse miki numfashi, ya tayar miki da ƙwarnafi. Ranar biki in kina so ɗinki ya zauna, wannan ruwanki, amma kada ki kwana da shi.

Tambaya: Anti, ni namiji ne, shekara 26, ina tsaron shagon yayana a Kantin Kwari. Abincin gida kawai nake ci amma tumbi na ta fitowa. Abokina ya ce in riƙa sayen oats da burodin alkama na babban kanti, in kuma yi rajistar wurin motsa jiki ta shekara. Ya kike gani?

Amsa: Ɗana, tsakaninka da Allah, abincin gida kawai? Ni na san kasuwa. Gurasa da safe, garau-garau yana ninƙaya a mai da rana, lemo mai sanyi duk sa'ad da baƙo ya zo, a koma gida a ci tuwon Hajiya don kada ranta ya ɓaci, sannan bayan isha'i a zauna teburin mai shayi: indomi biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri. Tuwon Hajiya bai yi maka laifi ba. Robar lemo ta 50cl tana ɗauke da sukari kusan giram 50, sama da ƙaramin cokali goma, wato kwalba ɗaya ta cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa baligi na yini guda. Zoɓo da kunun aya na talla ma ba su tsira ba, don ka san yadda ake ɗura musu sukari.

Oats abinci ne mai kyau, amma gero da dawa da acca ba su gaza shi da abin da zai sa ka biya kuɗin kwali da na jirgin ruwa ba. Kunun gero ba sukari da ƙosai uku ya wadatar. Rajistar shekara kuwa kada ka biya. Na ga masu biya da ɗoki su je sau huɗu. Ka fara da ƙwallon safiyar Lahadi da tafiya bayan asuba na wata biyu. In ka ɗore, ka biya na wata ɗaya. Teburin mai shayi ba na ce ka bar shi ba, na san hira ce ke kai ka. Ka sha baƙin shayi, ka bar musu indomin.

Tambaya: Wane irin sikeli zan saya, kuma sau nawa zan hau a rana?

Amsa: A rana? Sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, kuma kowane mai araha ya isa in kin ajiye shi kan siminti, ba kan kafet ba. In babu kuɗin, ki ari tef ɗin telan unguwarku, ki auna ƙugunki a saitin cibiya ko ɗan sama da ita. Ana so ya gaza rabin tsawonki: mai santimita 160, ƙugunta ya tsaya ƙasa da 80. Ki rubuta a bayan littafi duk ranar Juma'a, ki mayar wa tela tef ɗinsa.