Lanƙwasa ko tanƙwara? Amsa ga ɗalibin injiniya

Wani ɗalibin injiniya daga Zariya ya turo min tambaya, wai ana koya musu lissafin ƙarfen da aka ƙera shi a lanƙwashe kamar ƙugiyar kiren ɗin nan mai ɗaga kaya, shine yake so ya san ko lanƙwasa da tanƙwara ɗaya ne, kuma abin da suke cewa sitires a aji ko damuwa zai ce da Hausa.

To ɗana bari in fara da ta biyun, don Allah kar ka ce damuwa, ƙarfe ba shi da zuciya balle ya damu. Abu biyu ne ke cin jikinsa, ja da matsi. Samu tsumagiya ka lanƙwasa ta ka gani, doron yana miƙewa saboda ana jansa, cikin kuma yana matsewa, a tsakani akwai layin da ba ja ba matsi.

Su kuma lanƙwasa da tanƙwara mutane na musanya su ba laifi, amma ni kunnena yana jin bambanci. Lanƙwasa ta fi zuwa da sauƙi, waya, gwiwa, abin da ba ya gardama. Tanƙwara kuwa akwai ƙarfi a ciki, abin na turjewa kana tilasta shi, shi ya sa aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowa ya san tarbiyyar yaro ake nufi, amma fa wanda ya fara faɗa ya lura da icen sosai, don busasshe in ka matsa masa ta doro yake fara tsagewa, nan inda jan yake.

Ƙugiyarka kuma labarinta daban ne, tunda ita dama a tanƙware take, kayan da aka rataya mata so suke su miƙar da ita, sai jan ya koma ciki matsin ya koma doro. Kuma layin nan na ba ja ba matsi baya tsayawa a tsakiya kamar na miƙaƙƙen ƙarfe, yana gusawa ne wajen ciki, sai cikin ya fi shan wahala. Wani Bajamushe Emil Winkler ya fitar da lissafin a 1858. Duba ƙugiyar da kyau zaka ga cikinta ya fi kauri, doron ya fi siranta, ba ado bane.

In kuma kana neman sunan lanƙwasasshen abin da ke ɗauke da nauyi, tambayi maginan gargajiya, baka suke cewa ko bakan gizo, ƙasa ce da azarar giginya a ciki. Tunda a Zariya kake ka leƙa tsohon masallacin Juma'a da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ka ɗaga kai sama.