Gambo miyar kuɓewa ce? Amsa ga ɗalibinmu na Sabana

Wani ɗalibi da ke karatu a Sabana, jihar Jojiya ta Amurka, ya aiko cewa ya shiga gidan abinci ya ga an rubuta "gumbo" da "benne". Yana tambaya ko muna da su a Hausa, sannan me ake nufi da "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi".

Malam, kukan gidanku ka ji, ba ka gane shi ba ne. Gambo asalinsa sunan kuɓewa ne a harsunan Bantu na yankin Angola, kuma har gobe Faransanci "gombo" yake ce mata. Mu kuɓewa muke cewa, wasu a Sakkwato da Nijar su ce guro. Sai dai kada ka yi saurin fassara gambo da miyar kuɓewa. A Niyu Olins, wani birnin Amurka a jihar Luwiziyana, wata tukunyar babu kuɓewa ko ɗaya. Da garin alkama da aka soya a mai har ya yi duhu ake ɗaure ta, ko da garin ganyen bishiyar sasafaras da aka koya wajen 'yan ƙabilar Cokto, mutanen asalin Amurka. Yauƙin da Bahaushe ke nema, wanda lomar tuwo ke zarcewa da shi ba tauna, su rage shi suke yi, kuma a kan shinkafa suke zubawa. Ni dai "miyar gambo" zan ce, in huta.

Benne kuwa riɗi ne, sunan daga harsunan yankin Senegal da Gambiya ya fito. A Calistan, birnin jihar Karolina ta Kudu, ana toya shi da sukari falle-falle, ɗan'uwan kantunmu.

Karin maganar na nufin mutum ba ya rabuwa da abin da ya tashi ya tarar a gida, ko an raba shi da gidan. Bayin da aka kwaso daga Afirka aka sauke a Calistan, garin da aka kafa a 1670, su suka noma shinkafar Karolina, kuma jikokinsu, Gula-Gici, suna dafa jar shinkafa mai tumatir, da kuma wake da shinkafar da ake ci ranar 1 ga Janairu.

Amma ka tambaya kafin ka kai loma. Wannan wake da shinkafar galibi da naman alade ake dafa shi, tsiran-hanjin da ake yankawa cikin gambo ma haka. Ka ce a ba ka na kifi da jatan lande zalla, ka kuma tambayi da romon me aka dafa.